'Yan tsanar da suka sauke jirgin Fireflash a Landan

Jama'a duk mai sauran data ya nemi kashi na farko na Thunderbirds, sunan kashin Trapped in the Sky, mu nan Garwa da muka saba kallon abu da Faransanci wasu za su fi gane shirin da Les Sentinelles de l'air. Tsohon shiri ne na Ingila, a 1965 aka fara haska shi, Gerry Anderson da matarsa Sylvia ne suka yi, kuma babu mutum ko ɗaya a cikin 'yan wasan, duk 'yan tsana ne da ake ja da siririyar waya daga sama, wani lokacin ma kana hango wayar. Amma wallahi kafin a yi nisa ka manta da wata waya, zuciyarka na can sama tare da fasinjoji.

Ga yadda abin yake. Sabon jirgi ne mai suna Fireflash, da nukiliya yake tafiya, ya tashi daga Landan zai je Tokyo, ashe wani mugu da ake kira Hood ya maƙala masa bam a wajen tayoyin sauka, ya kuma kira hasumiyar filin jirgi da kansa ya faɗa musu. To in jirgin ya sauke tayoyi ya taɓa ƙasa bam zai tashi, in kuma ya ci gaba da shawagi garkuwar da ke kare mutane daga tururin nukiliya sa'o'i biyu da 'yan mintuna kawai suka rage mata. Gaba kura baya sayaki kenan. Mutanen filin jirgi ba su zauna ba fa, sun yi iya yinsu, har wani jarumi suka ɗaura da igiya daga wani jirgin ya shiga ƙarƙashin Fireflash don ya ciro bam ɗin, ya kusa kai hannu sai ya suɓuce ya faɗo, Allah ya taimake shi da lema. Wannan wajen ya burge ni sosai don ba a nuna su a matsayin sakarkaru ba, mutane ne da suka yi ƙoƙari kayan aiki ya gaza musu.

A nan ne iyalan Tracy, masu aikin ceto a ɓoye da jiragensu da ake kira Thunderbird, suka shigo. Uban, Jeff, tsohon ɗan sama jannati ne mai dukiya, yana zaune a wani tsibiri a tekun Pasifik da 'ya'yansa maza biyar, Scott da Virgil da Alan da Gordon da John, sunayen ma daga 'yan sama jannatin Amurka na farko aka ɗauko su. John yana can sararin samaniya a Thunderbird 5 yana sauraron duk wani kiran neman agaji, shi ya ji. Scott ya riga kowa zuwa da Thunderbird 1, Virgil ya biyo da ƙaton koren nan Thunderbird 2 ɗauke da wasu motoci masu faffaɗan baya, dabarar ita ce jirgin ya sauko ba tare da tayoyinsa ba ya kwanta a kan motocin suna gudu a ƙarƙashinsa. Gwajin farko mota ɗaya ta ƙwace ta je ta daki wani jirgi da ke ajiye ta kama da wuta, dole Fireflash ya sake tashi ga lokaci na ƙurewa, a na biyu ne aka dace, birki na hayaƙi tayoyi na fashewa motar Virgil ta wuntsila gefe, hancin jirgin na jan ƙasa har ya tsaya, bam bai tashi ba.

Ka tuna fa babu kwamfuta a wannan aikin. Ƙananan jirage ne da motoci da aka ƙera da hannu a wani ɗakin ɗaukar hoto a garin Slough, ƙarƙashin Derek Meddings, titin saukar ma wani bel ne yake juyawa a ƙasa kamar na injin niƙa, hoton da ke baya shi ma yana nasa juyin, kyamara na tsaye wuri ɗaya, kai kuma ka rantse gudu ake shararawa. Ga kiɗan Barry Gray yana ƙara tsinka maka zuciya.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan daban ne. Shi Hood ba jirgin ne ya dame shi ba, so yake 'yan ceton su fito ya ɗauki hoton injinansu ya sayar, rayukan mutane duk tarko ne a wajensa. Su kuma 'yan Tracy sharaɗinsu ɗaya, kada a ɗauke su hoto, ba sa karɓar ko sisi, ba sa faɗin ko su waye, suna gama aiki sai su kama hanyar gida. Sai da aka sauke jirgi lafiya sannan Lady Penelope, wakiliyar 'yan Tracy a Ingila, da direbanta Parker suka kifar da motar Hood a kan hanya suna cikin Rolls-Royce ɗinta mai ruwan hoda, hotunan suka lalace. Ina kallo ina tuna hanyar Ngaundere zuwa Garwa, wajen gangaren dutsen nan, in babbar mota ta faɗi yanzu abin da wasu ke fara zarowa waya ce, mutum na kwance yana nishi ana ɗaukarsa bidiyo, kafin a kai shi asibiti uwarsa ta gan shi a WhatsApp. Wannan abu yana ci min rai matuƙa, kuma ban ga uzurin da za a ba shi ba.

Kuma ba wai ba mu da irin su Virgil ba, muna da su. Ambaliyar 2012 da Binuwai ta cika ta shiga gidaje, da ta 2022 a Njamena da Kusiri, su wa suka yi ta kwashe tsofaffi da yara? Masu kwalekwale ne da 'yan unguwa, da 'yan kwana-kwana da ɗan abin da ke hannunsu, yawancinsu har yau ba wanda ya san sunansu. Shi kansa Gerry Anderson daga irin wannan ya samo tunanin shirin, haɗarin mahaƙar Lengede a Jamus a 1963, inda ruwa ya cika rami aka yi sati biyu kafin a zaro mutum 11 da rai, abin da ya tsaya masa a rai shi ne daɗewar da kayan haƙa suka yi kafin su iso wajen. Mu ma ai matsalar kenan, zuciya akwai, kayan aiki ne ke nesa.

Kashi 32 ne shirin gaba ɗaya, kowanne kusan minti 50, don haka a lallaɓa data. Ku kalla da yara, babu abin kunya a ciki. Na riga na sa ƙanina ya sauke min na biyu, wanda wata ƙatuwar motar sojan Amurka mai tafiya da ƙafafu ta rufta cikin rami mai ci da wuta da mutane a cikinta.