Bindigar farko ta farautar dila

Yau a filin gwajin harbi wani sabon shiga ya saki harsashi biyar a mita 100, kowanne ya kama gabansa. Har ya fara tsine wa bindigar, wai arha ce ta ja masa. Da aka duba, ashe sukurorin da ke riƙe madubin hange ne suka yi sako-sako. Aka ɗaure su, harsasai ukun da suka biyo baya suka taru a wurin da bai kai tafin hannu ba.

Mai neman bindigar farko don dila ko yanyawa, mai sakata (wadda ake jan sakatarta da hannu a loda kowane harsashi) irin Savage Axis ko Ruger American ta ishe shi. A girman harsashi, ni mai cin .223 Remington zan ce ya ɗauka: harsashinta ya fi araha, ba ta tokarin kafaɗa, kuma mai nauyin giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana kayar da dila har mita 200. Ita .22-250 ta fi gudu, amma tana saurin cinye bututu, .243 kuwa yaga fata take yi. Rarar kuɗin a zuba a madubin hange 3-9x40 (mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9) da mariƙi mai ƙwari. Har yanzu ina mamakin yadda sukurori huɗu suka kusa sa shi sayar da bindigar da lafiyarta ƙalau.