Hitar gas ta otal da abin da aikinta ya koya min

Manyan hitocin dafa ruwan nan masu amfani da gas da ake sawa a otal da asibiti da gidan wanki, duk wanda ya iya aikin famfo zai iya jona masu fayif ruwa ya shiga ya fita. Inda ake samun matsala wajen iska ne, kuma gaskiya shi ne abin da masu gini suka fi rainawa.

Wuta sai da iska take ci da kyau. In ka leƙa bona, wato inda wutar ke ci, ka ga harshen wutar shuɗi ne a tsaye to lafiya lau, in kuwa ya koma rawaya yana lilo ga baƙin hayaƙi ya fara kama jikin ƙarfe to gas ɗin ba ya ƙonewa duka, kuma abin da yake fitarwa a lokacin shi ne kabon monoksaid, gubar nan dai da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da wari ba ta da launi. Ma'aikaci zai ta kukan ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ce masa maleriya ce ya je kemis, alhali ɗakin hita ne ke jikin ɗakin da yake kwana. Shi ya sa duk inda na je nakan kunna turaren tsinke in kai shi bakin bututun hayaƙi bayan hitar ta ɗan yi aiki, in bututun ya zuƙe hayaƙin sama alhamdulillahi, in ya turo min shi fuska sai in kashe komai mu hau rufi. Sau da yawa sheƙar tsuntsu ce a ciki, ko kuma wani ya lanƙwasa bututun ya yi ƙasa don kar ya ɓata kyan gini.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ka gama aiki tsaf ka bar tagogin iska sama da ƙasa, ka dawo da hunturu ka tarar an toshe su da kwali wai ƙura na shiga, an kuma maida ɗakin sito, ga tsofaffin katifu ga gwangwanayen fenti har da jarkar fetur ɗin janareta a gefen wuta. Ƙurar hunturu tana toshe bona, wannan gaskiya ne, amma maganinta a riƙa sharewa da buroshi.

Gas ɗinmu na silinda ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya bi kwata ya taru a rami, don haka ba na yarda in sa hita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko nawa za a biya. Silinda a waje, a tsaye, a inuwa. Gwajin yoyo kuma ruwan sabulu ne a kowace mahaɗa ka tsaya ka ga ko zai yi kumfa, don Allah masu gwadawa da ashana ku bari. Sannan hitocin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai, da yawa an yi su ne don gas ɗin da ake jawo wa gidaje ta fayif, ramin nozul ɗinsu, wato ɗan bakin da gas ke fitowa, ya fi faɗi, in ka jona masu silinda haka nan wuta za ta yi yawa ta yi ta hayaƙi. Karanta farantin da ke jikinta kafin ka ɗauko sifana.

Sai bawul ɗin kariya da ke saman tanki. Yawancinsu an saita su su buɗe in matsi ya kai 150 a ma'aunin matsi na psi ko zafi ya kai digiri 99 na Celsius. Wani manaja ya taɓa ce min "Malam, abin nan ɗiga yake yana ɓata mana tayil, na sa yaro ya toshe shi." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce ranka ya daɗe, ruwa in ya yi zafi kumbura yake, in na'urar da ke kashe wuta ta lalace wannan bawul ɗin kaɗai ya rage tsakaninku da fashewar tanki, kuma tanki mai wannan girman in ya tashi ba ya barin bango. Ɗigar tana nufin ko bawul ɗin ya gaji a canza shi, ko ana buƙatar ƙaramin tankin da ke shanye kumburin ruwa. Mun cire toshiyar a ranar, muka ja masa fayif zuwa ƙasa.

Zafin ruwa a tanki ina barinsa a digiri 60 saboda ƙwayar cutar lejiyonela mai kama huhu tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, amma 60 na ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, musamman yara da tsofaffi, sai a sa bawul mai gauraya shi da ruwan sanyi kafin ya isa banɗaki. Ruwan bohol kuma yana tara laka a gindin tanki, in ka ji hita na ƙugi tana ƙara kamar ana soya gurguru to lokacin wanke ta ya wuce.

Yanzu in na gama aiki ba manaja nake nema ba, maigadi nake kira da yaron da ke kunna ta da asuba, don su ne suke kwana da ita. In nuna masu inda ake rufe gas su rufe da hannunsu in gani, in ce in kun ji wari kar wanda ya taɓa makunnin lantarki, ku rufe silinda ku buɗe ƙofofi ku fita sannan ku kira ni daga waje. Na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid kuma tana cikin kuɗin aikina tun farko, wanda ya ce a cire ta don a rage farashi sai dai ya nemi wani ya kunna masa.