Bin Sawun Baitocin Umar Khayyam

Da na zauna tantance waƙoƙin da ake jingina wa Umar Khayyam, masanin lissafi da taurari na Nishapur ta ƙasar Farisa wanda ya rasu wajen 1131, kuskurena na farko shi ne farawa da diwani. Kwafin hannu da aka fi sani, na ɗakin karatun Bodleian da ke Oxford, a Shiraz aka rubuta shi a 1460, da ruba'i (gajeriyar waƙar Farisanci) 158. Shekara ɗari uku da ɗoriya ke nan bayan rasuwarsa, kuma yawan ruba'in ƙaruwa yake ta yi a kwafe-kwafen da suka biyo baya.

Dalili kuwa, ruba'i ɗango huɗu ne kacal, kuma galibi mai shi ba ya saka laƙabinsa kamar yadda mawaƙi Hafiz ke yi a ƙarshen waƙoƙinsa na gazal. Duk baitin da ya ambaci giya, tukunyar ƙasa ko gajartar rayuwa, sai mai kwafi ya tura shi gidan Khayyam.

Sai na koma aiki irin na masu isnadi. Kowane ruba'i na ba shi katinsa, na jera su bisa ƙafiya, domin masu kwafi kan sauya kalmar farko amma ba kasafai suke taɓa ƙafiya ba. A ƙasa na rubuta kowane littafi da ya kawo shi, da shekararsa. Shaidar da na fi amincewa da ita ta Najmuddin Razi ce a Mirsadul Ibad, wajen 1223: ruba'i biyu ya kawo don ya soki aƙidar Khayyam, mai suka kuwa ba ƙawata shi ya zo yi ba. Daga baya akwai goma sha uku a Mu'nisul Ahrar na Jajarmi, wajen 1340.

A 1897 Zhukovsky, masanin Rasha, ya ƙirga ruba'i 82 da ake jingina wa Khayyam da ke yawo a diwanan wasu, irin su Attar da Rumi. Nan ma akwai tarko. Ganin baiti a diwanin wani bai sa ya zama nasa ba, sai an duba shekarun wancan kwafin shi ma.

Kwanan watan da ke ƙarshen kwafi ma ba hujja ba ne shi kaɗai. Arberry, masanin Birtaniya, ya karɓi kwafi biyu masu ɗauke da shekarun 1207 da 1259, daga baya aka gane jabu ne. Yanzu takarda, tawada da salon hannu nake fara dubawa kafin in karanta ɗango ko ɗaya.