Asabar: maddar Auta

Yau na tashi cikin nishaɗi. Wuta ta kwana, duk abin da ke shan caji a gidan ya ƙoshi, uwargida ta soya ƙosai, ga kunun tsamiya da zafinsa. Kiran gwajin da muka yi da Oga daren jiya kuma ya shiga ba gardama, murya da hoto, shi yana unguwar Layout nan Katsina ni ina gida. Maɓallin kiran nan ya hana mu barci a manhajar hadda da muke haɗawa. To jiya dai ya zauna daram. Tun da safe na kira Yaya na ce ta shirya ɗiyarta Auta, yau daga Daura za ta biya wa Malam karatu.

Da hantsi cefane. Faci a Ƙofar Ƙaura, tayar baya. Zafi ba a magana.

Bayan la'asar na isa zauren Malam a Ƙofar Marusa, na same shi kan buzunsa. Na jingina wayar a jikin butar alwala, na danna. Sai ga Auta da farin hijabinta, bakin nan har kunne. Ta durƙusa ta gaida Malam kamar tana gabansa, sannan ta leƙo ta ce, "Kawu, ina wuni." Malam ya yi dariya ya ce ikon Allah.

Duk wanda ya taɓa zama gaban Malam ya san ba ya kallon mai karatu. Ido yake runtsewa, ya ɗora hannun dama a gwiwa, in an zo madda, wato inda ake jan sauti, ya riƙa lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ta fara da Fatiha. Ta ɗauko tiryan-tiryan har ta zo maddar da ke kalmar ƙarshe, wadda ake ja haraka shida. Ina kallon yatsun nan. Ba su gama lanƙwasuwa ba ya buɗe ido.

"A'a. Koma."

Kafin maganar ta isa Daura ta riga ta kai ƙarshen aya. Ta ce, "Na'am, Malam?" daidai lokacin da shi kuma ya sake magana, muryoyin suka haɗu, kowa bai ji kowa ba.

"Ja ta, ɗiyata, shida ce. Wa ya koya miki yanke numfashi a tsakiyar madda?"

"Allah ya gafarta Malam, ban yanke ba."

"Ni da kunnena?"

Ta maimaita. Ya girgiza kai. Ta sake, yanzu muryar tana rawa. Daga nan ya ce ta wuce, suka yi ɗan abin da ya sawwaƙa daga izun da take ciki, amma yarinyar da ta fara karatun ba ita ta ƙarasa shi ba. Na ga ta ja gefen hijabi ta goge ido. Da na kashe kiran Malam ya ce mini a hankali, "Injiniya, ka faɗa wa uwarta ta sa mata ido. Zaman gida ya fara ɓata mata karatu."

Ban isa gida ba saƙon Yaya ya shigo. Ashe don murna ta ajiye tata wayar kusa da Auta tana naɗar karatun, za ta tura wa dangi. Ta rubuta: "Saurara da kanka. Tun ɗazu take kuka, ta ƙi cin abinci." Na tsaya a bakin hanya na sa a kunne. Maddar nan cikakkiya ce, shida cif, numfashi ɗaya, babu yankewa ko kaɗan. A duk maimaitawar haka ta ja ta.

Nan jikina ya yi sanyi. Na san abin da ya faru tun kafin in buɗe kwamfuta, alƙaluman kiran kawai tabbatar mini suka yi.

Manhajarmu a kan WebRTC take, fasahar da Google ya buɗe wa kowa a 2011, wadda ta zama tabbataccen ƙa'idar intanet a Janairun 2021. Ita ce ke sa a yi kiran murya da bidiyo daga cikin shafi ko manhaja ba tare da an saukar da wani abu daban ba. Murya ba ta tafiya a dunƙule. Wani tsarin matse sauti mai suna Opus ke matse ta, a yayyanka ta gutsi-gutsi, galibi kowane gutsure milisakan 20, wato gutsure 50 a daƙiƙa ɗaya. In sabis ya yi tangal-tangal, wasu su makara, wasu su iso a cunkushe, wasu su ɓace gaba ɗaya. Wayar mai sauraro tana da ɗan rumbu da take tara su kafin ta furta. In rumbun ya cika fiye da kima sai ta gaggauta muryar don ta cim ma mai magana, in ya kusa ƙarewa ta ja ta. In gutsure ya ɓace, ta ƙirƙiri sauti mai kama da wanda ya gabata ta toshe gurbin, in ɓatan ya yi tsawo sautin ya dusashe ya koma shiru.

Kuma a ina take ragewa? Kamar tela ne da zai rage riga: ba ya yanka inda aka yi aiki, fili yake nema inda yadin yake bai ɗaya. A cikin magana, filin nan shi ne wasali mai tsawo da ba ya canzawa. A hira babu wanda zai damu, dabara ce mai kyau ƙwarai, don hira aka yi ta. A tilawa kuwa wannan filin shi ne madda. Dusashewar da ta faɗo a tsakiya ita ce Malam ya ji kamar an ja numfashi.

Ga kuma nisan hanya. Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne, amma layukan waya kan tara mutane da yawa a bayan adireshin intanet ɗaya, sau da yawa wayoyi biyu ba sa samun juna kai tsaye, sai an bi ta sabar TURN, wato kwamfutar da ke tsakiya tana miƙa saƙo. Tamu a Jamus muka yi hayarta saboda arha. Muryar Auta sai da ta tsallake teku ta dawo kafin ta shiga zauren Malam. Masana sadarwa sun daɗe da cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba shi ne hira ke tafiya lafiya a kansa. Namu ya zarce haka nesa, shi ya sa "koma" ɗin Malam ke isa bayan an wuce wurin.

Bayan isha'i na koma. Almajirai sun watse, sai shi kaɗai da fitila. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai abin da nake so ku ji." Na kunna naɗin Yaya. Ya runtse ido, hannu ya koma gwiwa. Yatsu biyar suka lanƙwashe, babban yatsa ya sake motsawa na shida. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

Ya daɗe bai ce komai ba. Na yi masa bayani iya yadda zan iya, na rumbun da ragewar da toshe gurbin. Da na zo kan toshe gurbin ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kana nufin akwai sautin da na ji wanda ba daga bakinta ya fito ba?"

"Ɗan kaɗan ne, Malam. Ƙiftawar ido."

"Ban tambaye ka yawansa ba."

Na ce e, akwai.

"To wa na gyara wa karatu ɗazu?"

Wannan tambayar ce ta hana ni kwanciya har yanzu. Mutumin nan shekara da shekaru kunnensa ne hujjarsa, daga bakin malaminsa ya karɓa, da kunne yake tantance abin da zai miƙa. Kunnen bai yi kuskure ba yau, abin da ya iso shi ya ji daidai. Yarinyar ma ba ta yi kuskure ba. Amma ga yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya an ce mata ta yi ƙarya a kan karatunta.

Ya ce in kira masa ita, kira na kati, ba na manhaja ba. Yaya ta kai mata wayar. Ya ce, "Ɗiyata, na ji karatunki. Shida kika ja. Ki yafe mini." Can na jiyo ta tana cewa, "Ba komai, Malam," muryar a shaƙe. Ya sa mata albarka, ya ce Litinin su ci gaba daga inda suka tsaya.

Da zan tafi ya ce bai ce a daina ba. Yana da ɗalibai mata da aure ya kai Mashi da Mai'aduwa da Zango, karatunsu ya tsaya cak, yana so su dawo. Sharaɗinsa ɗaya: duk inda na'ura ta taɓa murya, ta faɗa masa.

Wannan mai yiwuwa ne. WebRTC yana ƙirga yawan sautin da ya toshe da wanda ya cire don gaggawa da wanda ya ƙara, ana iya karanta alƙaluman ana cikin kira. Amma Malam ido rufe yake sauraro, jan alama a fuskar waya ba ta da amfani gare shi. Ko dai wayar ta yi ɗan motsi a hannunsa, ko ni ban sani ba tukuna. Ana iya faɗaɗa rumbun, madda ta tsira, sai dai jinkiri ya ƙaru, gyaransa ya ƙara makara. Abin da ya fi kwanta mini shi ne wayar ɗaliba ta riƙa naɗar karatun a wurinta, in Malam ya yi shakka ya danna ya ji ainihin ayar.

Na kira Oga. Ya ce mutane na biya karatu ta WhatsApp shekara da shekaru ba wanda ya yi ƙorafi, mu fitar da abin kafin a koma makaranta. Na ce ba wanda ya ajiye waya ta biyu kusa da su ne. Mun ɗan ɗaga wa juna murya. A ƙarshe ya yarda a nemi saba a Legas mu gwada, ya kuma yarda bidiyo ya zama na zaɓi. Lissafin a fili yake: murya a kilobit 32 kowace daƙiƙa wajen megabait 14 ce a awa, bidiyo a kilobit 500 kuwa 225. Tun ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025, ba kowace uwa za ta iya ba. Sai dai a wasu haruffa Malam kan buɗe ido don ganin leɓe, to a kunna hoto a wurin kaɗai.

Yaya ta ce Auta ta ci tuwo. An ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya. Gobe da safe zan tambayi Malam ko zai yarda ya riƙe wayar a hannun hagu, tunda na dama na ƙirga ne.