Ƙofar rajistarmu da na bari a buɗe

Ni ne magatakardan ƙungiyar manoman rani a ƙauyenmu, ɓangaren Auyo. Bara da aka zo rajistar taki da irin alkama, na kwashe sunayen 'yan ƙungiya daga littafi na zuba a Google Sheets, manhajar jera bayanai a intanet: suna, lambar waya, NIN, lambar asusun banki da yawan eka. Don kowa ya duba nasa, sai na zaɓi "duk wanda ke da linkin", na ba da izinin gyara, na jefa a zauren WhatsApp ɗinmu. A ganina duk 'yan gida ne.

Kwana uku ba a yi ba, wani dattijo ya same ni a bakin kanal ina tayar da injin ban ruwa. Ya ce, "Malam, wani ya kira ni, ya faɗi sunana da lambar asusuna daidai, wai in karanto masa lambobin da suka shigo wayata kafin a ba ni taki." Na ce, "Baba, ka karanta masa?" Ya ce ido ne ya hana, ba ya ganin ƙananan rubutu. Gabana ya faɗi. Ko hannu ban wanke ba na ciro waya.

Linkin ya riga ya yi yawo zaure-zaure. Wani ya mayar da ekarsa biyu ta koma biyar, an kuma cusa sunayen da ba mu sani ba. Google na ajiye tarihin gyare-gyare, da shi na dawo da rajistar yadda take. Amma wanda ya shigo ta buɗaɗɗen linki ba sai da imel ba, don haka tarihin bai nuna sunan kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni na tsaga shi. Lambobin mutane amana ce. Tun 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya.

A daren na rufe rajistar, ba mai shiga sai wanda na sa imel ɗinsa. Izini hawa uku ne: mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Na tsara ni da sabon ma'aji kaɗai za mu riƙa gyara, shugaba yana kallo. Na yi wa zaure takarda daban mai suna da eka kawai, babu NIN, babu asusu. Kalmar sirrin imel ɗin ƙungiya, wadda mu huɗu muka sani, aka kuma rubuta a bangon littafin rajista, na canja ta, na kunna tabbaci na biyu, wato ko mutum ya san kalmar sirrin ba zai shiga ba sai an tabbatar ta wayata.

Danna waya ba wuya. Wuyar ita ce kunya. Tsohon ma'ajinmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, har lokacin yana da izinin gyara, kuma na san in na cire shi a ɓoye zai ɗauka zarginsa nake. Bayan Isha'i na je zaurensa, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga kiran da aka yi wa dattijon nan. Ya yi shiru, sannan ya ce ai shi ma ranar da ya sauka ya miƙa makullin sito. Ya matso da fitila, ya ce in cire sunan a gabansa.