Maririn Sahel a Gandun Farauta na Texas

A yankin tuddai na tsakiyar jihar Texas ta Amurka, musamman kewayen garin Kerrville, akwai manyan gandaye waɗanda tun asali wuraren kiwon shanu da tumaki da awaki ne, amma a yau kuɗin mafarauta ne ke riƙe da yawancinsu. Mafi shahara a cikinsu shi ne gandun Y.O., wanda Charles Schreiner ya kafa a 1880. Tsarinsu kusan ɗaya ne: gidan gona mai faffaɗar baranda inda baƙi ke kwana, da rijiyoyin da ke shayar da dabbobi, sannan makiyaya mai faɗin dubban eka wadda aka kewaye da shingen waya mai tsayin ƙafa takwas.

Cikin wannan shinge akwai namun dajin da aka kwaso daga nesa, irin su barewar axis mai ɗigo-ɗigo, wadda aka shigo da ita daga Indiya a 1932. Da yake ba 'yan asalin ƙasar ba ne, dokar Texas tana ɗaukar su dukiyar mai gandu, kuma babu lokacin da ake rufe farautarsu. Mutum zai yanki lasisi, ya biya mai gandu, a ɗauke shi a mota zuwa inda garken yake.

Abin da ya hana ni kawar da kai daga wannan batu shi ne mariri. Wannan farar dabba mai jan wuya da dogayen ƙahonni lanƙwasassu kamar takobi tamu ce, domin a da garkunanta suna yawo a Sahel daga Nijar har Chadi, kuma da fatarta Buzaye suke yin garkuwar yaƙi. Farauta da mota da bindigar zamani, da fari, da yaƙe-yaƙe, da yawaitar dabbobin gida a makiyaya suka taru suka gama da ita, har a shekarar 2000 aka ayyana cewa ta ƙare a daji. A daidai lokacin kuwa dubbanta suna kiwo a Texas, kuma akasarin waɗanda ke hannun mutane a duniya jikokin 'yan kaɗan ne da aka kama a Chadi a shekarun 1960.

Masu gandu suna cewa kuɗin da ake biya don harbin tsohon namiji guda shi ke ciyar da sauran garken, kuma idan aka hana farauta babu wanda zai ci gaba da ɗaukar nauyinsu. Sun yi ta shari'a da masu kare dabbobi a kan haka: a 2012 aka wajabta musu neman izini na musamman, a 2014 kuma majalisar dokokin Amurka ta ɗage wannan sharaɗi. Na yarda cewa hujjarsu tana da ƙarfi, domin lissafin garkunan yana goyon bayansu. Amma zuciyata ba ta kwanta da kiran wannan abu farauta ba, saboda maharbin da muka sani yakan bi sawu kwana da kwanaki a dajin da dabba ke da hanyar tsira, alhali wadda ke cikin shinge ba ta da wurin zuwa.

Labarin da ya fi sanyaya mini rai daga Chadi ya fito. Tun daga 2016 gwamnatin ƙasar, tare da hukumar muhalli ta Abu Dhabi, ta fara sakin mariri a gandun dajin Ouadi Rimé-Ouadi Achim, daga garken da aka tattaro a gidajen namun daji na Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa. Sun saba da dajin, sun hayayyafa, kuma a ƙarshen 2023 aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Ina fatan ganin ranar da za a sake shi a makiyayar Nijar ma, inda tsofaffi har yanzu suke tuna wucewar garkunansa da damina.