Koriyar fitila, tanki ba ruwa

Yau Talata, wallahi na gaji tilis. Tun ƙarfe bakwai oga ya kira wai tankin sama bai cika ba aikin fiya wata ya tsaya cak, na je na tarar da mai wayarin da mai famfo tsaye gaban fanel kowa na rantsuwa ba daga ɓangarensa bane. Mai wayarin ya sa mita ya ce wuta lafiya lau ga koriyar fitila ma tana ci, mai famfo ya bi bututu har sama ya ce ba inda ke yoyo, ni kuma da ake ce ma injiniya na baje zane ina ta bin layi da yatsa sai ka ce a takarda ruwan ke gudu. Awa biyu muna haka.

Baba maigadi ne ya matso a hankali ya ce "Injiniya, ni dai tun daren jiya kukan injin nan ya canza, kamar ba ya ɗauke da kaya." Na ce "Haba Baba, me ya hana ku faɗa?" Ya ce ai ba a tambaye shi ba. Muka kashe muka cire murfi, ashe robar da ke haɗa injin lantarkin da famfo ce ta cinye, injin na ta juyawa shi kaɗai. Fitilar fa ba ƙarya ta yi ba, iyakar saninta wuta ta shiga injin, mu ne muka fassara ta da ruwa na hawa.

A Keke Napep ina dawowa sai tashar nukiliya ta Three Mile Island ta faɗo min a rai, hatsarin da aka yi a Amurka, 28 ga Maris 1979. Bawul ya maƙale a buɗe ruwan sanyaya tukunyar da makamashin nukiliyar ke ciki na ta zuba, fitilar fanel kuma umarnin rufewa kawai take nunawa ba ainihin rufewar ba, ma'aikatan suka ɗauka ya rufu har suka rage ruwan gaggawa da hannunsu don suna ganin ya yi yawa. Fiye da awa biyu sai da wani sabon zuwa ya duba da nasa idon ya rufe wani bawul na biyu da ke layi ɗaya da wanda ya maƙale, kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Mun yi wannan a aji har na yi musu dariya lokacin, yau ga ni.

Na sai wa Baba goro na ɗari biyar. Gobe zan matsa wa oga a sa gejin matsin ruwa a bakin famfon, na san zai ce ba kuɗi.